Yaya Murtala, Kujerar Sallar Inna Tana Jiran Izininka

Zuwa ga yayana Murtala, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka.

Ni ne Sanusi, autan Inna, wanda ya kammala digirinsa na farko a fannin tattalin arziki da sakamako mai daraja, ya kuma sauke hidimar ƙasa a bana ba tare da wani tabo ba. Na ambaci waɗannan ne domin ka san cewa mai rubuto maka mutum ne da malaman jami'a suka tantance hankalinsa suka sa hannu. Maƙasudin takardar ɗaya ne: ina neman izininka, a rubuce, in buɗe ɗakin aikin katakonka da ke bayan gidanmu na Gwadangaji, in ƙarasa kujerar sallar Inna da ka tafi ka bari ba a haɗa ba. Na sanya ta a bainar jama'a ne saboda duk sanda na taso da batun a waya sai ka ce mini za mu yi magana, kuma bisa binciken da na gudanar, har yanzu ba mu yi ba.

Kafin hujja, bari in yi muƙaddima, domin masu karatu su san wanda nake magana da shi.

Kai ba kafinta ba ne. Kafin ka tafi, malamin lissafi ne kai a makarantar sakandare, mai dawowa gida da alli a hannun riga. Amma ka samo tsofaffin kwanonin rufi ka kafa ɗan ɗaki a jikin katanga, ka ajiye zarto da guduma da gizago da teburin da ka haɗa da kanka, kuma daga wannan ɗaki aka sauya fasalin gidanmu gaba ɗaya, da ƙananan abubuwan da ba wanda ya san yana bukatarsu sai da ya gan su.

Katakon da ka kafa wa Inna a madafa, mai ƙugiyoyin rataye ludayi da maburgi, yana nan. Akurkin kajin da ka tsayar da ƙafafunsa cikin gwangwanayen baƙin mai don kada cinnaku su hau, yana nan, kuma na lissafa shi cikin manyan nasarorin injiniyanci na unguwarmu. Maɗorin Alƙur'anin Baba, wanda ka fitar daga falle ɗaya na katako yana buɗewa yana rufewa ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba, na juya shi a hannuna sau da dama ina neman inda ka haɗa shi. Babu mahaɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda kake samo katakonka. Ba ka sayen sabo. Argungu kake tafiya, bakin gulbi, wurin masunta, ka nemi kwalekwalen da ya gama aiki aka jingine shi, ka roƙi a ɓalle maka falle-falle. Na tuna ranar da na raka ka a hutun jami'a. Mai keken da ya ɗauko mu daga tasha ya dubi baƙaƙen katakan nan masu warin kifi, ya tambaye ka ko gobara aka yi a gidanku. Ka yi dariya ka ce masa: "Wanga katako ya sha ruwa ya ƙoshi, rana ta gasa shi ta gaji. Ba shi da sauran lanƙwasar da zai yi, gara ma ba ta son shi." A lokacin na ɗauka raha ce. Yanzu na fahimci nazariyya ce cikakkiya, domin kantar da maƙwabta suka saya sabuwa a kasuwa ta yi doro tun a daminar farko, naka kuwa ko gezau.

Kana zare tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa ɗaya bayan ɗaya, ka toshe ramukan da ƙananan turakun itace, ka goge da samfefa har jan itacen maɗacin da ke ƙarƙashin baƙin ya fito. Ƙusar ƙarfe ba ta shiga aikinka, ka ce tsaga tsohon katako take yi.

Kuma ba ka taɓa yin kujera don kowa da kowa ba. Sai ka auna mai zama.

Da gwiwoyin Inna suka matsa mata, likita ya ce ta riƙa salla a zaune, ka fito da ita tsakar gida ka jera bulo da guntayen katako, ka zaunar da ita. Kana ƙarawa kana ragewa, tana yi maka tsiya cewa ka mai da ita buhun albasa a kan sikeli, har ta ce, "Nan, tsaya nan." Ka sa ta sunkuya kamar ruku'u, ta ƙara sunkuyawa kamar sujada, ka duba inda hannunta ke neman madafa idan za ta miƙe. Sannan ka yanka katakan. Kafin ka haɗa su aikin Fatakwal ya fito, ka ɗaure su da robar taya a kan tebur, ka kulle ɗakin, ka ba Inna makulli.

Ga halin da ake ciki yanzu. Inna tana salla a kan farar kujerar roba irin ta gidan biki. Ta yi mata tsawo, ƙafafunta ba sa dafa ƙasa sosai, kuma tana zamewa a kan siminti. A makon jiya da la'asar ta zame da ita, ba don bango yana kusa ba da wani labarin nake rubuto maka. Na nemi makulli, ta hana. Cewa ta yi: "Murtala ya auna ni, shi ya yanka, ku bar mishi kayanai sai ya ce." Ka san gidanmu, ba a sa hannu a aikin da wani ya fara sai da yawunsa.

Mas'ala ta biyu ta fi gaggawa. Shinkafar fadama ta nuna, Baba yana neman busasshen ɗaki na ajiye buhuna, kuma idonsa ya sauka a kan naka. Hukuncinsa a taƙaice yake: "In mai ɗaki na son ɗakinai, shi rubuto. Ba ni aiki da an ce ya ce." Idan buhuna suka shiga, katakan za su fito tsakar gida, kuma ba sai na yi maka sharhin makomar busasshen itace a gidan da ake hura wuta kullum ba.

Game da cancantata, na ari zarto na haɗa ma'ajiyar littattafai daga akwatunan tumatir. Tana tsaye da ƙafafunta, in ban da wata 'yar karkata da masu hassada kaɗai ke hangowa. Na yi alkawarin bin alamomin fensirinka ba ƙari ba ragi, ba zan kuma buga ƙusar ƙarfe ba.

Yaya, bari in ajiye manyan kalmomi. Inna ta tsufa fiye da yadda muryarta ke nuna maka a waya. Idan ta wuce ta ƙofar ɗakin aikinka takan tsaya ta taɓa kwaɗon, ta ce ƙura take sharewa. Ni ma ina kewar ƙarar zartonka ranar Asabar da hantsi. Gidan ya yi shiru da yawa.

Don haka ina bukatar amsarka a rubuce, da sa hannunka, kafin Juma'ar farko ta watan Nuwamba, domin washegarinta za a fara kwaso shinkafa. Layi ɗaya ya isa in kai wa Baba, in karanta wa Inna. In kuwa amsar a'a ce, to ka rubuta ranar da za ka iso ka haɗa kujerar da hannunka. Ba zan ɓoye maka ba, wannan amsar na fi so.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa albarka a hannuwanka da abin da suke nema, ya ba Inna lafiya da tsawon ran da za ta yi salloli masu yawa a kan aikinka. Amin.

Ƙanenka mai alfahari da kai,
Sanusi.