Fayil ɗin da Ya Shiga da Sunan Dogo

Litinin, 4 ga Maris
Na gama aikin da ya cinye mini sati biyu. Yanzu sabarmu, wato babbar kwamfutar ofis, da kanta take leƙa folda, duk guntun shirin kwamfuta da ta tarar a ciki ta loda shi, ba sai mun jera mata sunaye ba. Manaja ya ce madalla. Dogo, da muke teburi ɗaya, ya ce, "Ƙanwata, sa mata sharaɗi, kada ta riƙa haɗiye duk abin da ta gani." Na ce gobe.

Alhamis, 7 ga Maris
Ban sa ba.

Talata, 12 ga Maris
Saba ta tura wa marasa lafiya ɗari uku na asibitin da muke wa aiki saƙo, wai an soke ganin likita. Fayil ɗin gwaji ne ya shiga folda, ta loda shi. Nawa ne. Ranar Juma'a tawa kwamfutar ta ƙi tashi, na rubuta shi a ta Dogo. Sunansa ne a kai.

Laraba, 13 ga Maris
Manaja ya tara mu. Dogo ya ce bai tuna ya rubuta ba. Sau ɗaya ya kalle ni. Ni kuwa ina ta juya biro. An dakatar da shi.

Asabar, 16 ga Maris
Wata tsohuwa ba ta je wankin ƙoda ba saboda saƙon, tana kwance yanzu. Ni kuwa abinci ya ƙi shiga. Umma ta ce, "Ke, ciwo ne ko soyayya?" Na yi dariya don ta ƙyale ni.

Litinin, 18 ga Maris
Na sa sharaɗin. Layi shida, minti goma. Manaja ya yabe ni gaban kowa.
Dogo ya kira, wai ko cajarsa na nan. Na ce tana nan. Na tambayi lafiyar matarsa mai jego, ya ce da sauƙi. Ya ce, "To, a yi aiki lafiya."

Laraba, 20 ga Maris
Ban ce zan faɗa ba. Na dai nemi ganin Manaja ƙarfe tara. Kofina da hoton Umma na kwashe su daga teburi na sa a jaka, don ƙura ta yi musu yawa.
Tara saura biyar.