Tambayar Mai Tabarau

Litinin, 9 ga Oktoba

Aji uku, darasin lantarki. Na ce musu wuta a cikin waya kamar ruwa ne a cikin bututu. Shugabar makaranta na zaune a baya da takardarta, ta zo duba koyarwata. Komai na tafiya daidai, sai Mai Tabarau, yarinyar nan ta gefen taga, ta ɗaga hannu.

"Malama, in an yanke bututu ruwa zuba yake yi. Me ya sa in an yanke waya wutar ba ta tsiyaya?"

Kaina ya ɗaure. Na ce, "To gobe ki zo da bokiti ki tara." Aji ya kwashe da dariya. Har Shugaba sai da ta murmusa.

Talata, 10 ga Oktoba

Shugaba ta rubuta min "gwana wajen kawo misali". Na cusa takardar can ƙasan jaka.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na ba baban yara labari, wai don ya yi dariya, tunda gyaran wuta ne sana'arsa. Bai yi ba. Ya ce, "Ai yarinyar ta fi ki gaskiya. Iska ba ta ba wuta hanya, ruwa kuwa ko'ina hanyarsa ce. Nan misalinki ya ƙare."

Ni ce fa kullum mai cika musu kunne da "ku yi tunani, ku bar hadda".

Litinin, 16 ga Oktoba

'Yar Bokiti suke ce mata yanzu. A baranda na ji. Ni na raɗa mata.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Ta koma layin baya, ta daina ɗaga hannu. Na kira ta ofis in ba ta haƙuri, na ɓige da yabon rubutunta. "Na gode, Malama," idonta a ƙasa. Kai, ni dai.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na faɗa a gaban aji: ranar nan ban san amsa ba, shi ya sa na yi wa Mai Tabarau ba'a. Aka yi tsit.

Don in tsira daga shirun na rubuta a allo: ido kamar kyamara ne, ku nemo inda misalin ya karye. Wata ta ce kyamara ba ta hawaye. Wani ya ce to wa ke kallon hoton a cikin kai? Wannan ma ban sani ba, na kuma ce ban sani ba. Musu ya kaure har aka kaɗa ƙararrawa.

Ita Mai Tabarau, ba na tsammanin ta yafe.

Manhaja ta bar mu a baya da mako guda. Ya kamata abin ya dame ni.