Motar da Ke Rumfar Baba

Mildura, 3 ga Fabrairu, 1996

Brenton,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da ramin ma'adinan da kake haƙa a Mount Isa.

Tunda ba ka amsa waya, ga takarda. Baba ba zai koma gida ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, amma hankalinsa garau. Ranar Litinin na kai shi gidan kula da tsofaffi. An sayar da gidanmu, masu shi za su tare ƙarshen Maris, kuma sun ce rumfar baya a wofi suke son ta.

Ka san abin da ke ciki. Motar nan Monaro ta yi shekara goma sha tara a kan bulo, ba taya, ba gilashi, ƙofa ɗaya a jingine da bango. Na sa talla a jarida: "Holden Monaro ta 1969, gyara bai ƙare ba, inji yana cikin akwati." Mutum uku sun riga sun kira.

Ba izini nake nema ba. Sanar da kai nake yi.

Ka huta lafiya,
Lorelle

Mount Isa, 11 ga Fabrairu

Lol, 'yar'uwata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya mijinki, yaya yara? Yaya ƙoƙari da Baba? Na san kina shan wahala.

Don Allah ki janye tallar nan. Ki bari zuwa Yuni in samu hutu. A ja ta zuwa bayan gidanki a rufe da tamfol, me za ta ci miki? Tun ina ɗan shekara tara Baba yake cewa ni da shi za mu ƙarasa ta, mu tuƙa ta har bakin teku. Mutumin da ya rasa hannu, ya rasa gida, ki bar masa abu ɗaya da zai riƙa tunawa mana.

Kuma kowa ya zo, kada ki bari ya buɗe akwatin injin. In iska ta shiga, tsatsa za ta cinye shi.

Na san ba rumfa ce ta dame ki ba. Maganar Mama ce har yau. Ki yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce.

Ƙaninki,
Bren

Mildura, 20 ga Fabrairu

Brenton,

Na ga takardarka. Muna lafiya.

E, maganar Mama ce. Kai ba ka nan ranar da ta faɗi a kicin. Ni na ruga rumfa na ce, "Baba, Mama ba ta numfashi sosai." Ya ce, "Bari in ƙarasa wannan shafen, in na tsaya fentin zai yi tabo." Sai da ya ƙarasa. Maganar aurena ce kuma. Ya yi alkawari a cikin motar zai kai ni coci, na ƙare a akori-kurar maƙwabci, rigata tana warin tumaki.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Jiya wani ya zo daga Geelong, Alby Fenech, tsohon makanike, gajere mai yawan dariya. Ya zagaya motar, ya shiga ƙarƙashi, ya ce bodin ba shi da na biyu. Sannan ya ce sai ya ga inji. Na ba shi guduma.

Ka san abin da muka tarar. Ruɓaɓɓen injin tarakta da buhu biyu na yashi. Alby ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Baiwar Allah, wani ya riga ni ciniki."

Na wuce wurin Baba kai tsaye. Na ce, "Ina injin?" Ya juya fuska bango. Na zagaya na tsaya a gabansa. Da ƙyar bakin nan ya haɗa kalma huɗu: "Bren. Tamanin da takwas."

Tun 1988, shekara takwas ke nan, ya san kai ka ɗauke shi. Shekara takwas yana shiga rumfa kullum yana goge ƙofofin motar da ya san ba za ta taɓa tashi ba, don kawai kada a ce ɗansa ɓarawo ne. Ni kuwa da kekena ya karce mata gefe ina 'yar shekara goma sha biyu, wata biyu bai yi mini magana ba.

Alby zai saye ta a haka, da arha. Ranar Asabar ta sama zai zo da tirela. Zan ɗauko Baba ya gani da idonsa.

Lorelle

Mount Isa, 26 ga Fabrairu

Lorelle,

Gaisuwa.

To, kin gano, sai a ba ki lambar yabo. Ni na sayar da injin, da kuɗin na bar garin nan, kuma ban yi nadama ba. Ranar da zan tafi Baba ya raka ni tasha, ya ce, "Na ga akwatin ya yi sauƙin turawa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya miƙo mini hannu muka yi sallama.

Kin san abin da ya hana shi gaya miki? Ke ba a hira da ke. Ke mai kawo miya ce, mai wanke zannuwan gado. Ki yi shekara ɗari kina goge masa baki, in ƙofa ta buɗe ni yake fatan ya gani. Wannan ne yake cin ki, ba fenti ba, ba Mama ba.

Kada ki kai shi wurin. In wani abu ya same shi, a wuyanki. Ni ba zan samu zuwa ba, aiki ya yi yawa.

Bren

Mildura, 4 ga Maris

Brenton,

Da fatan aikin yana sauƙi.

Na kai shi. Na tura keken guragunsa har bakin rumfa, na ajiye shi inda ba abin da zai kare masa gani. Da suka ɗaura wa motar sarƙa suka fara ja, na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Bren ne ya ce a sayar. Ya ce tarkace ce, kuma ba zai zo ba." Rabin maganar ƙarya ce. Sauran rabin na karanta masa daga takardarka, har wurin da ka ce ba ka yi nadama ba.

Na zaci zai yi kuka. Ba zan ɓoye maka ba, abin da na zo gani ke nan.

Bai yi ba. Ya ɗaga hannun hagu ya yafito Alby. Alby ya durƙusa a gabansa ya ce, "Maigida, kai ka yi waldar ƙasan nan? Ban ga inda ka haɗa ba." Sai Baba ya yi dariya. Dariya, Brenton, yawu yana zuba. Kusan awa guda suna magana, shi yana nuni, Alby yana rubutawa a bayan kwalin taba. Duk abin da ya faɗa Alby ya gane, ni da nake cewa "Me ka ce?" sau goma a wuni. Na tsaya a rana riƙe da hularsa kamar 'yar aiki.

Na mayar da shi ɗakinsa. Da na zo cire masa takalmi, ya janye ƙafar da ke motsi, ya danna ƙararrawa a kira nas.

Jiya na je, an ce yana barci. Yau ma haka.

Lorelle

Mildura, 12 ga Maris

Zuwa ga Alby Fenech,

Gaisuwa da fatan kun isa Geelong lafiya. Nas Imelda ce take rubuta mini, hannuna ya ƙi.

Na manta ban gaya maka ba: ƙofar hagu sai an ɗaga ta kaɗan kafin ta rufu, kada ka matsa mata. Notunan bamba suna cikin gwangwanin biskit. Akwatin sifanuna yana nan ƙarƙashin gadona, naka ne, ka zo ka ɗauka. In ka samu inji, kada ka tayar da ita sai ina wurin.

An cire sunaye biyu daga takardar masu ziyarata, an sa naka. Kowace rana ka zo, za su bar ka ka shigo.

Imelda ta tambaya ko akwai saƙon da za a kai wa yarana. Na ce ta rufe ambulan.

Ka gaida iyali.

Naka,
Stan Treloar