Jan Akwati da Ƙafar Janar

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya hanya, ya jikin surukarki?

"Malama, fito, karen yayarki na zubar da jini!" Da wannan maigadi ya tashe ni daga kan takardun ɗalibai jiya da la'asar. Karenki Janar ne ya taka fasasshiyar kwalba a bayan kicin, tafin ƙafarsa ya tsage. Na ruga na ɗauko jan akwatinki na taimakon gaggawa, wanda kika sa na haddace kayan cikinsa kamar zan shiga jarrabawa. Ina ɓalle murfin, ya ji ƙarar, ya shige ƙarƙashin gadonki da ƙafa uku. Ashe duk Asabar a kansa kike gwajin naɗa bandeji, alhali lafiyarsa ƙalau. Kin shirya akwati, kin shirya ni, shi kuwa kin koya masa gudu.

Maigadi ya ce a jefa masa maganin ciwon kai na mutane. Na ce wannan kashe kare yake yi. Na ture akwatin waje, na kwanta rub da ciki, ni da ko shafa shi ban taɓa yi ba. Na lallashe shi, na ɗaure masa baki da ɗankwalina, don mai jin zafi ba ya gane hannun masoyi. Na danne ciwon da tawul mai tsabta har jinin ya lafa, muka kai shi wurin likitan dabbobi aka yi masa ɗinki. Ko takardun ɗaliban ban sake tunawa da su ba, Yaya! Sai da muka dawo gida.

Ki gaida mai jiki.
Ƙanwarki

Autar Mama,

Gaisuwa da godiya buhu-buhu! Na karanta wasiƙarki a tsaye, na yi kuka, na yi dariya, har mai jiki ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni. Ke da kike cewa na haifi ɗa mai jela, yau ke ce a ƙarƙashin gado! Amma kada ki raina akwatina, tawul ɗin ma ai daga ciki kika zaro shi. Kada ki bari ya lashi ɗinkin. Ina nan tafe Asabar, zan duba naɗin da kaina, daga nan kin huta da shi.

Allah Ya yi miki albarka.
Yayarki

Yaya,

Sannu da zuwa. Gida a share yake, makulli na wurin maigadi. Tawul ɗin nawa ne, daga banɗaki na ɗauko.

Tun safe nake haɗa jakata, Janar ya hau kanta ya zauna. Ban kira shi ba. Amma yau Asabar ce, shi ma ya sani. Akwatin na bar miki a kan tebur, mara lafiyar kuma yana wurina har a cire zare. Bayan nan ma yi magana.

Bari in ja ƙofa, ya riga ni fita.

Sai kin zo dubiya.
Auta