Kunnen Hagu Na Auta Ne

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Umma? Tana samun barci yanzu?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Ƙanƙara na zuba a ƙasar nan har ƙofar aji, amma rigar sanyin da kika ba ni tana ƙoƙari.

Mawaƙin da ni da Auta muke haukansa ya saki sababbin waƙoƙi. Da kunnen dama nake saurara, na bar igiyar abin sauraren ta hagu tana reto, yadda muke rabawa kafin Auta ya rasu. Abokiyar ɗakina ta ce, "Ke, lalacewa ta yi? Ari tawa mana." Na ce ƙalau take.

Don Allah kada ku cire hoton mawaƙin daga bangon ɗakinsa. Waƙa ta uku zai fi so, Yaya, kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Allah Ya jiƙansa.

Ƙanwarki