Ko Ni Ce Matar Bayan Ganuwa?

Largo, Maryland
Oktoba, 1986

Zuwa ga Chuwang, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko a gonar accata.

Ina gaishe ka da zuciyar da ba ta san kowa ba sai kai, ko da yake kwana biyu ta ƙi kwanciya. Na dawo daga aiki a asibiti ƙafafuna a kumbure, na ce gara in rubuta, don in na ga fuskarka bakina mutuwa yake yi.

Ka tuna ranar da na dafa maka gwate, kana sha kana ba ni labarin Rumawan da kake karatun digiri a kansu? Muryarka ta fi mini zuma zaƙi a ranar. Ka ce amaryarsu ɗaga ta ake yi a tsallake da ita dokin ƙofa, a miƙa mata wuta da ruwa, ta zama mai kula da murhun da allolin gidan ke karɓar hadaya. Na sunkuyar da kai ina murmushi, na ɗauka hannunka mai sanda kake yi mini.

Sai ka ce shi kuwa sojansu, doka ta hana shi aure har ya cika shekara ashirin da biyar a bakin daga. Don haka yakan ajiye mace a bukka bayan ganuwar sansani, ta niƙa masa alkama, ta wanke masa rauni, ta haifa masa 'ya'yan da hukuma ba ta san da su ba. In aka busa ƙaho runduna ta tashi, ba kowane soja ke waiwaye ba. Ka yi dariya, ka miƙo kwano a ƙara maka.

Masoyina, tun ranar labarin nan yake cina. Shekara uku ke nan, duk lokacin da na taɓo zancen aure sai ka ce sai an gama karatu. Wa ke wanki? Wa ke zama da kai in mura ta kayar da kai? Na yi ta korar shaiɗan, har ranar Lahadi da ka zauna a ɗakina kana ɗaukar wa Mama kaset ɗin da abokinka Katung zai kai mata Jos. Ka ɗora yatsa a baki, wai in yi shiru. Ka gai da kowa har da maƙwabta, ka ba ta labarin sanyi, ka ce kana samun abinci sosai, kamar daga sama yake faɗowa. Sannan ka yi ƙasa da murya ka ce a gai da Martina, a ce ta ƙara haƙuri, saura kaɗan.

Wace ce Martina, Chuwang? Ka ce ƙanwa ce. Na san sunan ƙannenka duka, kuma ba da wannan muryar ake ba ƙanwa haƙuri ba. Na san muryar, don da ita kake ba ni nawa haƙurin. Ina jin tsoro, kuma ina jin haushi, ba zan ɓoye maka ba.

Duk da haka ina son ka kamar yadda ƙasa ke son damina. In ka ce mu koma gida, gobe zan ajiye aikin nan ban waiwaya ba. Abu ɗaya nake roƙo: kafin Katung ya tashi, ka zo mu sake ɗaukar kaset ɗin, ka faɗa wa Mama sunana da bakinka, in durƙusa in gaishe ta da nawa. Ko sojan Rum, ranar da aka sallame shi, akan ba shi izinin mace ɗaya ta zama matarsa a idon doka. In ba ni ba ce, ka zo ka faɗa mini ido da ido, kada in ji tafiyarka a bakin mutanen coci.

Taka har numfashi ya ƙare, wadda ba ta taɓa kallon wani ba, ko da kai ka kalla,

Kaneng