Na Canza Amsar Matar Ƙanena a Takardar Masu Jego

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Kada kuma ku yi mini caa tun ban kai ƙarshe ba, na riga na zagi kaina iya zagi.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Bukkuyum. Kwanakin baya aka ɗauke mu wani aiki. An fassara wasu tambayoyi daga Turanci zuwa Hausa don gano masu jegon da ciwon damuwa ya kama, ana son a gwada ko suna aiki a kan matanmu. Mu hau mashin mu bi gida-gida muna tambaya muna rubutawa, daga baya likita ya duba matan ya ga ko amsar ta yi daidai da abin da ya gani. Tambayar ƙarshe ita ce: kin taɓa jin kina son cutar da kanki? An ja mana kunne sosai cewa duk wadda ta ce e, a ranar za a kai ta asibiti, kuma maganarta amana ce.

Cikin sunayen da aka ba ni har da matar ƙanena, bari in kira ta Hauwa. Gaskiya ban taɓa son yarinyar nan ba, sanyin jikinta haushi yake ba ni. Haihuwar fari ta yi, ɗa namiji. Da wajen innarta za ta tafi wankan gida, amma ƙauyensu can wajen Zugu ya watse saboda 'yan bindiga, sai ta yi jegon a gidanmu. Ba ta ɗaukar jaririn sai an miƙa mata, in tana ba shi nono bango take kallo. Inna mahaifiyarmu kuwa sai yabo: "Kun ga ɗiyar mutunci, ta san kunyar ɗan fari." Kowa ya ɗauka kunya ce, har ni da na zauna a aji aka koya mini alamomin abin.

Na same ta ta fito daga wankan safe. Duk matan da na tambaya kafin ta, alhamdulillahi kawai suke ce mini. Ita da na zo tambayar ƙarshe sai ta dubi ƙofa ta ce, "Yaya, ba mai ji?" Na ce babu. Ta ce, "Kullum in ana jan ruwan wankana, sai in tsaya ina kallon rijiyar nan. Gani nake yaron nan zai fi jin daɗi in babu ni."

Kun san me na yi? Dariya. Wallahi dariya na yi. Na ce, "Ke, rufe mana baki! An yanka miki rago, kina shan kunun kanwa har kina turewa, mi kika rasa? Wanga butulci ne." Na sa biro na rubuta a'a, tana kallo. Ina zan kai kunya abokan aikina su ji akwai mai taɓin hankali a gidanmu? Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Na shiga madafa na ba Inna labarin, har ina kwaikwayon muryarta. Inna ta saki salati, ta je ta ɗauke yaron ta ce, "Nonon mai taɓuwa ba shi shiga bakin jikana." Yau kwana goma sha ɗaya yana kan madarar gwangwani. Hauwa na zaune nono ya kumbura tana matsewa a kofi, tana jin kukansa ta bayan bango. Matan unguwa suna ce mata "ta rijiya". Ni na raɗa mata sunan. Ƙanena yana can wajen haƙar zinari a Anka, an ce masa aljanu ne.

Shekaranjiya shugabar aikinmu ta ce babu mace ko ɗaya da ta amsa e ga tambayar ƙarshe, wataƙila ba ta dace da matanmu ba, ranar Alhamis za a yanke ko a cire ta. Na gyaɗa kai kamar kowa.

Jiya na kasa daurewa na shiga ɗakinta. Na ce, "Hauwa, wannan tunanin fa?" Ta yi murmushi ta ce, "Alhamdulillahi Yaya, lafiya lau." Ta wanke kayan yaron tas, ta ninke ta aika wa Inna. Da zan fita ta cire 'yan kunnenta ta sa mini a hannu, wai ta ga ina son su. Sai na tuna an koya mana a aji cewa mai shirin halaka kansa yakan fara rabar da kayansa.

In na faɗi gaskiya korata za a yi, Inna ta ce na tona asirin gida, ƙanena kuma ya san wadda ta raba matarsa da ɗansa. In na yi shiru, Hauwa ba za ta sake gaya wa kowa ba, ni na koya mata hakan. Ga 'yan kunnenta nan a tafin hannuna, rijiyar kuma ko murfi ba ta da shi.

Me zan yi?